Kayan Ilaktirod na Batirin Litiyam Mai Lanƙwasuwa

Batirin litiyam mai lanƙwasuwa shi ne wanda ake iya naɗewa ko tanƙwarawa ya ci gaba da ba da wuta. Ana nemansa don agogon zamani da na'urorin auna lafiya da ake mannawa a jiki. Wuyar aikin tana cikin faifai biyu masu riƙe caji, anod da katod, waɗanda ake kira ilaktirod.

A batirin waya na yau da kullum, anod garin girafait ne, irin na bakin fensir, da aka shafa a kan siririn faifan jan ƙarfe. Katod kuwa haɗin litiyam da kobal ne a kan alminiyam. In aka yi ta lanƙwasa su, shafen yakan tsattsage ya ɓamɓare, kamar ƙirgin da bai je hannun majeman Sakkwato ba.

Shi ya sa masu bincike suka koma ga kabon, sinadarin da ke cikin gawayi: ƙyallen da aka saƙa da zarensa, da siraran bututunsa, da girafin, wato shimfiɗar kabon mai matuƙar siranta, wanda aka fara warewa a Jami'ar Manchesta a 2004. Waɗannan suna riƙe garin, suna kuma kai wuta, don haka ba a bukatar faifan ƙarfe. Aibinsu tsada.

A matsayin madadin girafait a anod, silikon ya fi jan hankali, domin yana ɗaukar cajin da ya kai kusan ninki 10 na girafait. Sai dai yana kumbura fiye da ninki 3 idan ya sha litiyam, ya farfashe. Akan niƙa shi lilis a cusa cikin saƙar kabon don ya samu wurin kumburi. Haɗin litiyam da titaniyam kusan ba ya kumbura, amma wutarsa ba ta kai ta girafait ba.

A gari irin Sakkwato, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, masu gyaran waya sun saba ganin kumburarren batir ya ɗaga murfi. Katod na litiyam da ƙarfe da fosfet, wanda ke cikin batiran sola na gidaje, ya fi na kobal jure zafi, abin da ke da muhimmanci ga na'urar da za ta kwanta a fatar mutum.

Har yanzu yawancin aikin yana ɗakin gwaji. Wayar Galaxy Fold da Samsung ta fitar a 2019 tana naɗewa, amma batira biyu ne masu tauri a cikinta, ɗaya a kowane ɓari.