Haƙƙin ƙirƙira ba ɓoye sirri ba ne

Tun da labarin matasa masu ƙere-ƙere ya yawaita a rediyo da Facebook, kalmar "patent", wato haƙƙin ƙirƙira, ta shiga bakin kowa. Yaro na haɗa wata na'ura, sai ka ji mai gabatar da shiri yana roƙon a yi masa patent "don kada a ga sirrinsa". Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin an juya ma'anar baibai. Tushen kalmar daga Latin yake, kuma abin da ke buɗe take nufi. Haka sarakunan Turai kan ba da irin wannan takarda, a buɗe, kowa ya karanta. Haƙƙin ƙirƙira ciniki ne: ka bayyana wa duniya yadda abinka ke aiki dalla-dalla, hukuma kuma ta ba ka ikon hana wasu ƙera shi ko sayar da shi na wani wa'adi, yau shekara 20 a yawancin ƙasashe har da Najeriya. Wa'adin na cika, ya zama na kowa. Na waƙa da littafi kuwa wata doka ce daban.

Inda rigima kan tashi shi ne faɗin abin da takardar ta rufe, kuma masu jirgin sama na farko sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan.

Wilbur da Orville Wright, masu shagon keke a Dayton ta jihar Ohio, sun tashi jirginsu ranar 17 ga Disamba 1903 kusa da Kitty Hawk a jihar North Carolina, tashin farko na daƙiƙa 12. Da yawa na zaton "jirgin sama" aka mallaka musu. A'a. Takardar da suka samu ranar 22 ga Mayu 1906, mai lamba 821,393, ta yadda ake sarrafa jirgi a cikin iska ce: a murɗa gefen fukafukai don daidaita shi idan ya karkata. Glenn Curtiss, mutumin Hammondsport a jihar New York, bai murɗa fiffike ba, ƙananan fallaye ya sa masu ɗagawa da sauka. 'Yan'uwan suka ce duk kanwar ja ce, takardarsu ta rufe wannan hanyar ma. A 1909 suka maka shi a kotu. Matuƙan Turai da suka zo Amurka nuna gwaninta ba su tsira ba. Louis Paulhan na Faransa ya sha sammaci a 1910.

Wilbur ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe tsakanin lauyoyi, taifot ta ɗauke shi a 1912 yana da shekara 45. Sai a Janairun 1914 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Shi ma Curtiss ba waliyyi ba ne. A wannan shekarar ya ɗauko jirgin wani masanin kimiyya, Samuel Langley, jirgin da ya faɗa kogin Potomac a 1903, ya yi masa gyare-gyare, ya ɗan ɗaga shi sama, don a ce da ma wani zai iya riga 'yan'uwan. Cibiyar Smithsonian, babbar cibiyar bincike da adana kayan tarihi ta Amurka, ta goyi bayan wannan iƙirari. Abin ya ƙona wa Orville rai har ya aika jirginsu na asali Landan a 1928, jirgin bai dawo gida ba sai 1948.

Ni dai ina ganin 'yan'uwan sun cancanci ladan guminsu, sun warware abin da ya gagari kowa. Amma takardar da ta rufe hanyar da dole kowane jirgi ya bi ta wuce kare mai ƙirƙira, ta koma tare wa na baya hanya. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, jiragen yaƙin Faransa irin su SPAD da Nieuport matuƙanta suka hau. Ba shari'ar kaɗai ta jawo haka ba, Turai ta fi zuba kuɗi a harkar, amma shari'ar ta taimaka. Sai da gwamnati ta matsa wa kamfanonin ƙera jirage lamba suka tara haƙƙoƙinsu a ƙungiya guda, kowa ya ƙera abin da yake so, ya biya dala 200 a kan kowane jirgi.