Ana tara mata kayan ɗaki, wa ke tara mata jini?

A likitar da nake aiki nan Maradi, kullum muna auna jarirai, muna ba masu ciki ƙwayoyin ƙarin jini. Wadda ba mu cika gani ba ita ce ɗiya mai shekara 12 zuwa 18. Sai ranar da aka kawo ta awon cikin fari, in ja fatar idonta in tarar fari fat, tafin hannu kamar an wanke da toka. In tambayi uwar, ta ce: "Ai malama, haka jikinta yake tun tana ƙarama."

Iya, ba halitta ba ce. Ƙarancin jini ne, kuma ya daɗe yana cin ta.

A shekarun balaga yarinya ke samun kusan rabin nauyin da za ta zauna da shi, ƙashin ƙugunta na buɗewa, ga jinin al'ada yana fita kowane wata. Daidai lokacin ne muke aza mata faranti ta tafi talla tun safe, ko a tura ta rijiya da itace, ta dawo ta tarar maza sun ci, ƙanne sun ci, saura ƙanzo. Daga Yuni zuwa Satumba, da rumbu ya yi ƙasa, ita ake fara cewa ta yi haƙuri. Hura da tuwon hatsi na cika ciki, amma su kaɗai ba su isa su gina jini ba. In ta riƙa haki, jiri na ɗibarta, tana gyangyaɗi a lakwal, har tana cin farar ƙasa a ɓoye, sai a ce lalaci ne ko iska.

A Nijar, binciken ƙasa na 2012 ya nuna uku cikin huɗu na ƴan mata an aurar da su kafin shekara 18, kuma jiharmu na sahun gaba. Yarinya ba ta gama girma ba, ga wani a cikinta, suna rabon abincin da bai ishi mutum guda ba. Daga nan ake samun jariri ɗan mitsitsi, da doguwar naƙuda, da zubar jinin da mai ƙarfi za ta jure amma ita ya kayar da ita. Ni dai gyaran amarya na sati guda bai taɓa burge ni ba.

Abin da take bukata yana kasuwarmu: wake, ƙuli-ƙuli, awara, zogalar Jiratawa, ƙwai, kifin Madarunfa, hanta ko sau ɗaya a sati. Fara ma, wadda take sayarwa ba ta ci, abinci ce mai gina jiki. A matsa lemun tsami a kwaɗon zogala, yana taimakon jiki ya tsotse sinadarin ƙarfe, wanda ke gina jini. Shayi kuwa hana shi yake, a bar shi sai bayan awa guda da cin abinci. Ta kwana cikin gidan sauro, ta sha maganin tsutsar ciki, don su ma ɓarayin jini ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙwayar ƙarin jini guda a sati ga mata masu al'ada a inda matsalar ta yi yawa: wata uku ana sha, wata uku a huta. Tana baƙanta bayan gida, kada ku tsorata. Ku kawo ta a auna jininta. In lambar awon ƙarfin jinin ta gaza 12, za mu ɗora ta kan magani tun ranar.