Shirin shiga karatun jinya a kwalejin al'umma a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk inda mutanenmu suka taru a Amurka, wurin suna ne a Bronx ko walima a Chicago ko Greensboro, da wuya a watse ba a taɓo maganar karatun nas ba. Da yawa cikin matanmu suna aikin kula da tsofaffi a gidaje, suna ganin nas ta shigo ta duba mara lafiya ta fita, suna raya wa ransu cewa su ma za su iya. Kuma za su iya ɗin. Sai dai na ga mutane masu ƙwazo sun yi asarar shekara biyu ko uku saboda ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu yadda ƙofar take. Zan riƙa cewa "ke" domin mata suka fi yin waɗannan tambayoyi, amma maganar har da maza.

Wadda ta fito daga kwalejin al'umma cikakkiyar nas ce, ko sai ta je jami'a?

Cikakkiya ce. Kwalejin al'umma, wadda suke kira kominiti kwaleji, makarantar gwamnati ce ta shekara biyu da ake samu kusan a kowane yanki. Shaidar da take bayarwa a fannin jinya ana ce mata ADN, ta jami'a mai shekara huɗu kuma BSN. Dukansu jarrabawar lasisi ɗaya suke zaunawa, wato NCLEX-RN, kuma lasisi iri ɗaya ake ba su. Tsarin ya samo asali ne daga wata malamar jinya, Mildred Montag, ta Jami'ar Columbia, wadda ta kawo shawararsa sakamakon ƙarancin ma'aikatan jinya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara gwada shi a 1952.

Bambancin yakan fito ne daga baya. Manyan asibitoci da yawa sun fi son mai BSN, jihar New York ma ta yi doka a Disambar 2017 cewa sabuwar nas ta sami BSN cikin shekara goma bayan karɓar lasisi. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin akwai karatun cike gibi da ake yi ta intanet ana cikin aiki, sau da yawa ma asibitin da kike aiki ne zai taimaka da kuɗinsa.

Kwalejin ta ba ni gurbi. Na shiga karatun jinya ke nan?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ƙofa biyu ce. Ta farko a buɗe take, kusan duk mai takardar sakandare za a ɗauke shi. Ta biyu, ta sashen jinya, ƙarama ce ƙwarai, domin kujerun suna da iyaka: malamai ba su da yawa, asibitocin da ke karɓar ɗalibai horo su ma suna ƙayyade adadi. Tsakanin ƙofofin nan biyu akwai kwasa-kwasan share fage, kuma su ne ainihin jarrabawar shigarki, ko da ba wanda ya kira su da wannan suna.

Galibi sun haɗa da anatomi da fiziyoloji kashi na ɗaya da na biyu, wato ilimin ginin jikin mutum da yadda sassansa suke aiki, sai ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, kemistiri, rubutun Turanci, ilimin halayyar ɗan Adam, da lissafi. A takarda za ki ga an rubuta cewa C ya wadatar. Kada wannan ya ruɗe ki. C yana ba ki damar miƙa takardar nema ne kawai, amma waɗanda za ki yi takara da su A da B suke riƙe da su, musamman a darussan kimiyya.

Shawarar da na fi nanatawa ita ce kada ki haɗa anatomi da ilimin ƙwayoyin cuta a zangon farko alhali kina aiki cikakken lokaci. Gaggawar nan na san daga inda take fitowa: shekaru suna tafiya, gida ana jira, ana ganin 'yar wance ta gama. Amma makarantu da yawa sau ɗaya kawai suke yarda a maimaita darasin kimiyya, wasu suna rage maki in an maimaita, wasu kuma ko janyewa kika yi tsakiyar zango aka sa miki W, sun lissafa shi a matsayin gwaji ɗaya. Maki mara kyau yana zama a takardarki ya bi ki duk makarantar da kika koma. Darasi ɗaya mai nauyi a zango, a ci shi da A, ya fi uku da aka tsallake da ƙyar. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a wannan karatu na ga hakan da idona.

Akwai kuma maganar tsufan darasi. Makarantu da dama ba sa karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara biyar ko bakwai. Saboda haka in kin fara, kada ki ajiye na tsawon lokaci. In aka haɗa share fage da karatun jinyar kansa, "shekara biyu" takan zama uku, wani lokaci huɗu. Gara ki tsara rayuwarki a kan haka tun yanzu.

To yaya suke zaɓe?

Kowace makaranta da salonta. Wasu maki suke tarawa: kaza na darussan kimiyya, kaza na jarrabawar shiga, kaza ga wanda ya taɓa aikin asibiti ko mazaunin yankin. Wasu suna da layin jira. A California akwai waɗanda ƙuri'a suke jefawa tsakanin duk waɗanda suka cika sharaɗi. Ki nemi takardar ƙa'idojin sashen jinya na makarantar da kike so, ta shekarar da ake ciki, ki halarci taron bayani da suke shiryawa. Mai ba ɗalibai shawara na gaba ɗaya ba lallai ya san dokokin sashen jinya dalla-dalla ba, ki nemi na sashen.

Jarrabawar shiga da aka fi yi ita ce TEAS. Tambayoyi 170 ne cikin minti 209: fahimtar karatu 45, lissafi 38, kimiyya 50, nahawu da amfani da Turanci 37. Wasu makarantu HESI A2 suke amfani da ita. Mutanenmu sukan ji tsoron kimiyya, amma abin da ya fi kayar da su shi ne sashen karatu, saboda lokaci. Wanda ya saba karanta sakin layi sau biyu yana juya shi a ransa zuwa Hausa ko Faransanci, agogo zai cim masa. Maganinsa atisaye da agogo a gaba, mako shida zuwa takwas. Lokacin da ya fi dacewa a zauna ta shi ne dab da gama anatomi, tun abin yana ɗanye a ka. Ki kuma bincika sau nawa makarantar ta yarda a sake, domin akwai iyaka.

Ina da takardun gida. Za su yi amfani?

Za su yi, bayan an tantance su. Kamfanoni irin su WES da ECE ne suke auna takardun waje da ma'aunin Amurka, amma ki tambayi kwalejin wanda take karɓa kafin ki biya. Fito da takardar sakamako daga jami'o'in gida yakan ɗauki watanni, don haka da shi ya kamata a fara. Wanda ya yi karatu da Faransanci a Nijar ko Kamaru zai buƙaci fassara, kuma mai yiwuwa a fara sa shi ajin Turanci. Kada ya ɗauki hakan ƙasƙanci. Faransancin nasa ma yana da wata riba da zai gani a gaba, domin kalmomin likitanci yawancinsu daga Latin da Girkanci suke, sun yi kama da na Faransanci.

Wadda ta riga ta zama nas a gida hanyarta daban ce. Ita hukumar jinya ta jiharta za ta tuntuɓa a tantance karatunta ta zauna NCLEX, ba lallai ta koma aji daga farko ba.

Nawa zan kashe?

Matsakaicin kuɗin kwalejin al'umma ga mazaunin yanki ya kai kimanin dala 4,000 a shekara. A kwalejojin CUNY na birnin New York, irin su Bronx Community College da Hostos, dala 4,800 ne ga mazaunin birnin. Wanda bai cika sharaɗin zama a jihar ba, wanda yawanci shekara ɗaya ne, zai biya ninki. Ban da wannan akwai littattafai, kayan sawa na asibiti, na'urar sauraron ƙirji, inshora, da dala 200 na rajistar NCLEX a ƙarshe.

Ɗan ƙasa, mai girin kad, da ɗan gudun hijira da aka ba mafaka suna iya cike fom ɗin FAFSA su nemi tallafin Pell, wanda ba a biyansa, kuma ƙololuwarsa dala 7,395 ce a shekara. Mai bizar ɗalibi ba ya ciki. Abu biyu ba a cika faɗa wa mutane ba: tallafin yana ƙarewa bayan zango 12 na cikakken karatu, don haka kada a ƙarar da shi a darussan da ba a buƙata, sannan wanda ya riga ya mallaki digiri na farko, ko da daga gida ne, ba ya samu. Bashin ɗalibai kuwa akwai kuɗin ruwa a kansa. Wanda yake gudun riba ya tambayi ofishin kuɗi na kwalejin tsarin biya kashi-kashi, ya nemi tallafin gidauniyar makarantar, ya kuma duba ko wurin aikinsa ko ƙungiyar ma'aikatansu na biya wa mambobi karatu.

An nuna mini wata makaranta mai zaman kanta, ba jira, ba jarrabawar shiga. Me ya sa ba zan je can ba?

Ki tsaya ki bincika abu uku. Hukumar jinya ta jihar ta amince da ita? Tana da tantancewar ACEN ko CNEA, ƙungiyoyin da ke auna ingancin makarantun jinya? Kashi nawa na ɗalibanta suke cin NCLEX a zaman farko? Hukumomin jihohi suna wallafa wannan adadi, kowa na iya gani. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo cinikin takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu uku a Florida, binciken da aka sa wa suna Operation Nightingale. Mutane sun biya dubban daloli, wasu har sun fara aiki, daga baya jihohi suka bi su suna karɓe lasisi. Ba duk makaranta mai zaman kanta ce ta banza ba, akwai nagari, sai dai tsada. Amma duk wanda ya ce zai ba ki takarda ba tare da kin tsaya a gefen gadon mara lafiya ba, ki guje shi. Rai za a damƙa a hannunki, kuma amana ce da za a tambaye ki a kanta.

Me za a nema kafin a bar ni in shiga asibiti horo?

Binciken ko kina da tarihin laifi, gwajin ƙwayoyi a fitsari, shaidar koyon farfaɗo da numfashi ta BLS mai aiki shekara biyu, da shaidar rigakafi: ƙyanda da danginta, farankama, sarƙewar haƙora, mura, da ciwon hanta nau'in B. Yawancinmu ba mu da katin rigakafin yarinta, sai a ɗibi jini a duba ko jiki na da kariya. Allurar ciwon hanta ta gargajiya sau uku ce cikin wata shida, don haka a fara da wuri. Tun da cutar ta yi yawa a Afirka ta Yamma, gara ki yi gwajinta da likitanki tun kafin makaranta ta nema.

Sai gwajin tarin fuka. Kusan duk wanda aka haifa a gida an yi masa allurar BCG yana jariri, ita ce tabon nan na dantse, kuma tana iya sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cutar. Ki nemi gwajin jini, irin su QuantiFERON, wanda BCG ba ta rikita shi.

Zan iya ci gaba da aiki? Yara fa?

A lokacin share fage, ƙwarai. Da zarar an shiga sashen jinya, jadawalin ba a hannunki yake ba. Ranar horo ana iya cewa ki kasance a asibiti kafin ƙarfe bakwai na safe, ki yi awa takwas ko goma sha biyu, kuma fashin rana ɗaya ko biyu na iya fitar da mutum. Makin tsira yakan kasance 75 zuwa 80 cikin ɗari, jarrabawar lissafin magani kuwa wasu 90 suke nema, wasu ɗari cif. Faɗuwa sau biyu a makarantu da yawa sallama ce. Don haka shirin na gida duka ne. Ki zauna da maigida, ko maigida ya zauna da uwargida in shi ne ɗalibin, a fayyace wa zai kai yara makaranta, wa zai riƙe su in ɗaya ya tashi da zazzaɓi. 'Yan'uwa na gida ma a sanar da su cewa aike zai ragu na ɗan lokaci. Faɗin hakan da nauyi, amma ya fi a ɗauki aikin dare a faɗi jarrabawa.

Lissafin maganin kada ya ba ki tsoro. Da kilo da lita ake yinsa, waɗanda muka tashi da su. Abin da za ki ƙara shi ne sauya awon Amurkawa, misali fam 2.2 kilo ɗaya ne.

Hijabi da sallah fa?

Akwai Musulmai mata da yawa da ke aikin jinya da hijabinsu a Amurka. Abin da ake so shi ne ɗan ƙarami mai tsabta da za a cusa cikin riga, kada ya riƙa lilo kan mara lafiya, a ɗakin tiyata kuma akwai abin rufe kai na musamman. Ki yi magana da shugabar sashe a rubuce tun kafin a fara horo, har da batun Juma'a da Idi. Amma ki sani aikin ya ƙunshi taɓa maza da mata, wanka da sauya musu tufafi. In wannan yana damun ki, ki zauna da malamin da kika yarda da shi tun yanzu, kafin ki zuba kuɗi da shekaru.

In ban samu ba a karon farko?

Ki je ki tambayi inda makinki ya gaza, yawanci za su faɗa. Tun farko ma kada ki nemi makaranta ɗaya tak, ki jera ƙa'idojin uku ko huɗu da ke kusa da ke ki ɗauki darussan da suka yi tarayya a kansu. Kafin zagaye na gaba, shaidar mataimakiyar nas ta CNA makonni kaɗan ake yinta, tana ƙara maki a wasu makarantu, tana kuma saba miki da asibiti. Akwai kuma hanyar LPN, karatun kimanin shekara ɗaya da ke ba da lasisin ƙaramar nas, daga nan a bi gadar da kwalejoji da yawa suka tanada zuwa RN, wato cikakkiyar nas, ana aiki ana karɓar albashi.