Ciwukan baki da maƙogwaro a dabbobi

Ciwon baki da maƙogwaro a dabba ba cuta ɗaya ba ce, tarin cututtuka ne da raunuka da suke zuwa da kama ɗaya: dabba ta ƙi kiwo, ta daina tuƙa, yawu na ta dalala. Shi ya sa masu kiwo a Katsina da Daura ke yawan rikita su, kowanne sai a ce a wanke da kanwa.

Wanda aka fi sani shi ne boru, ciwon baki da kofato. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, yana kama shanu da tumaki da awaki amma ban da doki da jaki. Daga kamuwa zuwa bayyana kwana 2 zuwa 14 ne, sai ƙuraje masu ruwa su fito a harshe da dasashi da tsakanin kofato su fashe, ka ga saniya tsaye tana ɗingishi yawu na zuba kamar zare, nono ya ja baya, manya dai galibi suna tashi amma maruƙa kan mutu. Yaɗuwa gare shi kamar wutar daji, sa ɗaya da aka sayo a karar Mai'adua ko Charanchi aka zuba cikin garke ba a keɓe shi ba ya isa. Allura ba ta kashe bairos ɗin, ana yi ne don kar gyambon ya ruɓe. Rigakafi akwai, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato na haɗa shi.

Awaki da tumaki kuma akwai ƙurajen leɓe masu ɓawo, sun fi kama ƙanana, suna warkewa cikin 'yan makonni, kuma mutum na iya ɗauka a hannu.

Na maƙogwaro yawanci shaƙewa ce. Ƙwallon mangwaro ko guntun rogo ko dankali ya tsaya a hanyar abinci, dabba ta kasa gyatsa, ciki ya kumbura ta gefen hagu, wannan kam awowi kaɗan na iya kashe ta. Masu cusa sanda su tura, ɓarna suke yi, sau da yawa maƙoshin suke hudawa. Akwai kuma matsattsaku da ke maƙalewa in dabba ta sha ruwan tafki, a ga jini-jini a baki ko hanci.

Dawaki nasu raunin daga linzami ne, bayan hawan sallah duba gefen baki da harshe ka gani.

Abin da likitocin dabbobi suka fi jan kunne a kai: saniyar da ke dalala ta kasa haɗiya ba lallai wani abu ne ya maƙale ba, ciwon haukan kare ma haka yake zuwa a shanu, kuma ta yawu ake ɗauka. Don haka ba a zura hannu tsirara a bakinta, balle in akwai ƙujewa a yatsa.