Tsarin Rage Sitaci ga Masu Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya

Tsarin rage sitaci hanya ce ta cin abinci wadda mutum yake taƙaita hatsi, da sukari, da rogo, da dankali, da duk abin da jiki yake narkarwa ya mayar da shi sukari a cikin jini, ya ƙara ƙarfi a kan nama, da ƙwai, da ganye, da mai. An fi saninsa a matsayin dabarar rage ƙiba, amma akwai masu ciwon sukari nau'i na ɗaya da suke bin sa domin sukarinsu ya daina hawa da sauka, kuma insulin ɗin da suke yi wa kansu allura, wato sinadarin da yake shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin jiki, ya ragu. Masana abinci suna cewa tsari yana da ƙarancin sitaci idan abin da mutum yake ci a yini bai kai giram 130 ba. Idan ya sauka zuwa tsakanin giram 20 da 50, shi ne matsanancin tsarin da ake kira kito.

Yanayin ciwon

Ciwon sukari, wanda a Nijar aka fi jin sunansa da diyabeti, iri biyu ne manya. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa kuma ya fi kama manya, jiki yana yin insulin amma ba ya amfanuwa da shi yadda ya kamata. A nau'i na ɗaya kuwa, garkuwar jiki ce take lalata ƙwayoyin da suke yin insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da take kwance a bayan tumbi, har ya zamanto ba a samun komai daga gare su. Ya fi bayyana ga yara da matasa, da yawan fitsari, da ƙishirwa marar yankewa, da rama cikin ƴan makonni. Wannan bambancin shi ne tushen maganar duka, domin mai nau'i na biyu yana iya rage magani sosai ta hanyar gyara abinci da rage nauyi, amma mai nau'i na ɗaya yana buƙatar insulin ko da bai sa komai a bakinsa ba, saboda hanta tana sakin sukari cikin jini dare da rana.

Tarihi

Kafin a gano insulin, hana abinci shi ne kaɗai maganin da likitoci suke da shi. A shekarun 1910 likitan Amurka Frederick Allen ya shahara da tsarin da yake sa marasa lafiya yunwa mai tsanani, wanda yake jinkirta mutuwa da watanni ko ƴan shekaru. Ɗaya daga cikin waɗanda ya kula da su ita ce Elizabeth Hughes, ɗiyar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, wadda a 1922 tana da shekara kusan 15 amma nauyinta bai wuce kilo 20 da ɗan kai ba. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurarsa, a watan Agusta kuma aka fara yi wa Elizabeth, wadda ta murmure ta rayu har 1981.

Daga nan aka sassauta, har shawarar likitoci ta koma cewa kusan rabin ƙarfin abincin mai ciwon ya fito daga sitaci. Wanda ya farfaɗo da tsohuwar hanyar shi ne Richard Bernstein, injiniya Ba'amurke da ciwon ya kama yana da shekara 12 a 1946, ya koma ya karanta likitanci yana babba. Tsarinsa giram 30 ne a yini: 6 da safe, 12 da rana, 12 da dare.

Yadda yake aiki

Hujjar masu bin tsarin ta lissafi ce. Mai yin allura kafin cin abinci yana ƙiyasta yawan sitacin da yake cikin kwano, sannan ya auna insulin daidai da shi, kuma kowane ƙiyasi yana da kuskure. Idan kwanon yana ɗauke da giram 100 aka kuskure da kashi ɗaya cikin biyar, giram 20 ke nan suka tafi babu insulin, ko kuma aka yi insulin na giram 20 da babu su. Idan kwanon na giram 15 ne, kuskuren bai wuce giram 3 ba. Ƙaramin abinci da ƙaramar allura suna haifar da ƙaramin kuskure.

Sai dai nama da mai ba su fita daga lissafin ba. Idan sitaci ya yi ƙaranci, hanta tana juya wani ɓangare na furotin ya zama sukari, wanda yake bayyana a jini bayan sa'o'i, maiƙo kuma yana jinkirta narkewar abinci. Shi ya sa wanda ya ci tsire mai yawa bayan isha'i yana iya kwanciya da sukari daidai, ya farka da asuba ya tarar ya hau.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi an wallafa shi a mujallar Pediatrics a 2018, inda aka tattara bayanan mutum 316 masu cin kimanin giram 36 a yini, aka samu matsakaicin awon HbA1c nasu, wato gwajin da yake nuna halin sukari na watanni biyu zuwa uku, ya tsaya a kashi 5.67 cikin ɗari, alhali abin da ake nema ga yawancin manya shi ne ƙasa da kashi 7. Sakamakon yana da kyau ƙwarai, amma mutane ne da suka zaɓi tsarin da kansu, suka kuma ba da labarin kansu, ba tare da wani rukuni da aka gwada su da shi ba.

Batun ƙiba

Insulin yana sa jiki ya adana kitse. Babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1,441 ya nuna cewa matsa wa sukari lamba da yawan allurar insulin yana rage lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi ƙwarai, amma waɗanda aka matsa wa sun ƙara nauyi da fiye da kilo 4 a kan sauran cikin shekara biyar. Saboda haka akwai masu nau'i na ɗaya da ƙiba take damun su da gaske, kuma rage sitaci yana iya taimaka musu. Nauyin da yake zubewa a makon farko yawancinsa ruwa ne, domin kowane giram na sukarin da hanta da tsoka suka ajiye yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa. Akwai kuma hanya mai kisa da wasu matasa suke bi, ta rage allura da gangan domin su rame, inda sukari yake zubewa ta fitsari, jiki kuma ya shiga cin kansa.

Haɗura

Haɗari na farko faɗuwar sukari ne ƙasa da giram 0.70 a lita, wanda shi ne ma'aunin da takardun gwaji suke nunawa a Nijar. Alamominsa gumi, da rawar jiki, da yunwa kwatsam, da ruɗewa, kuma yana kaiwa ga suma. Yana faruwa ne idan aka rage tuwo ba a rage allura ba. Maganinsa giram 15 na sukari nan take, kimanin ƙwaya uku na sukarin kwali, a sake gwadawa bayan minti 15, kuma tsarin abinci ba ya hana wannan ko kaɗan. Wani ƙaramin bincike a Danmak a 2017 ya nuna cewa allurar gaggawa ta gulukagon, wadda take tilasta wa hanta ta saki ajiyarta, ba ta yin ƙarfi sosai ga mai ƙarancin sitaci, tunda rumbun da za a ɗiba ya riga ya yi ƙasa.

Na biyu shi ne taruwar kiton, sinadarin da jiki yake yi idan ya koma ƙona kitse. Ga mai lafiya insulin yana taka masa birki. Ga mai nau'i na ɗaya da ya tsallake allura, ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, kiton yana taruwa har jini ya yi tsami, ya zo da amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi, kuma ba a magance wannan a gida. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mai cin sitaci kaɗan yana iya shiga wannan halin alhali na'ura tana nuna sukarinsa bai hau sosai ba. Bayan waɗannan, kolestarol, wato wani nau'in maiƙon jini, yana hawa ga wasu idan kitsen dabba ya yi yawa, mai matsalar ƙoda kuma ba a so ya yawaita furotin.

A Damagaram

Abincin Zinder gero ne. Giram 100 na ɗanyen gero yana ɗauke da kimanin giram 70 na sitaci, wato giram 200 kawai, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na tiya ba, ya riga ya haura iyakar giram 130. Wanda ya sha kunu da safe, ya dama fura da rana, ya ci tuwo da dare, ya kuma zauna a majalisar shayi aka yi na farko da na biyu da na uku, ya ninka wannan iyakar. Wake ma, duk da furotin ɗinsa, fiye da rabinsa sitaci ne, dabino kuwa kusan kashi biyu cikin uku sukari ne.

Abin da ya dace da tsarin ba baƙo ba ne a kasuwa: zogale, da rama, da yakuwa, da kuɓewa, da kabeji, da gujiya, da riɗi, da ƙwai, da cuku, da nono marar sukari, da awara, da kilishi, har da soyayyar fara a lokacinta. Matsalar ita ce kuɗi da kuma zaman gida. Ƙoshi da nama da ƙwai ya fi ƙoshi da gero tsada nesa ba kusa ba, kuma a gidan da ake cin tuwo a kwano ɗaya, tukunya ta dabam domin mutum ɗaya nauyi ne a kan mai girki. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ragi na tsaka-tsaki, kamar rabin malmala da miya mai yawa, ko dambun zogale da ganye ya rinjayi tsaki, ko fura da nono ya fi yawa ba a zuba sukari ba.

Irin insulin ɗin da mutum yake amfani da shi ma yana yanke hukunci. Haɗaɗɗen insulin da ake yi sau biyu a yini, mai kashi 70 na jinkiri da kashi 30 na sauri, yana aiki ne a sa'o'insa ko an ci ko ba a ci ba, don haka yana buƙatar sitaci mai ƙayyadadden yawa a ƙayyadadden lokaci. Masu bin matsanancin tsarin a Turai da Amurka suna gwada jininsu sau da yawa a yini, da yawansu kuma da na'urar da take manne a fata tana auna sukari ba dare ba rana. Wanda yake tattalin tsinken gwaji saboda tsada, yana gwadawa sau ɗaya a kwana biyu, ba shi da idon da zai ga faɗuwar tun kafin ta kayar da shi. Wannan ne ya sa duk wani ragi ake fara shi da likitan da yake duba mutum, a babban asibitin ƙasa na Zinder ko a wata cibiyar lafiya, domin a sauke allura tare da abincin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ƙarancin ruwa a jiki yana gaggauta tsamin jini, insulin ɗin kansa kuma yana buƙatar sanyi, ko na firji ko na tulun ƙasa da aka binne cikin jiƙaƙƙen yashi.

Yara, masu ciki da azumi

A 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi game da sa yara masu ciwon sukari a kan matsanancin tsarin ba tare da kulawar ƙwararru ba, saboda tsoron tauyewar girma, da raunin ƙashi, da lalacewar dangantakar yaro da abinci. A yankin da tamowa take damun yara tun asali, kuma yaron da ciwon ya kama yakan iso asibiti a rame, abin da ake nema gare shi ƙarin nauyi ne. Mai ciki ma ba a so kiton ya taru a jininta. Game da watan Ramadan, ƙa'idojin likitoci na duniya sun sa yawancin masu nau'i na ɗaya a sahun masu babban haɗari, kuma sun ce wanda ya ɗauki azumi ya karya shi nan take idan sukarinsa ya sauka ƙasa da giram 0.70 a lita ko ya haura giram 3.