Labarin matasa da ya haɗa lahira da tarihin Rasha: yadda ake gina shi

Wane irin labari ne wannan?

Ƙagaggen labari ne da ake rubuta wa 'yan shekara 13 zuwa 18. Jaruminsa matashi ne da ya mutu, ko mai rai da ke cuɗanya da matattu, a wani zamani na gaskiya cikin tarihin Rasha.

Daga ina marubuci zai samo siffar lahirar?

Daga al'adar Rashawa kansu, kuma nan ne ƙashin bayan aikin. A Cocin Otodoks ana yi wa mamaci addu'a a rana ta 3, ta 9 da ta 40, kusan yadda muke sadakar uku, bakwai da arba'in. Bisa imanin da ya yaɗu a can, kwana uku na farko rai yana zagaya wuraren da ya saba. Daga nan zuwa rana ta 9 a nuna masa aljanna, sannan a nuna masa wuta, ranar 40 kuma a yanke masa mazauni. Marubuci ya samu kashi uku na littafi ke nan, da wa'adin da ke matsa wa jarumi: duk abin da zai gyara tsakaninsa da masu rai, kwana arba'in gare shi.

Kayan cikin gida ma suna aiki. Ana lulluɓe madubai da ƙyalle, a dafa kutya, wato alkama ko shinkafa da zuma, a ajiye wa mamaci ƙaramin kofin barasar vodka da yankan baƙin burodi a kai. Tatsuniyoyinsu kuma suna da Baba Yaga, tsohuwar da bukkarta ke tsaye kan ƙafafun kaza a cikin daji, wadda masana da yawa ke ɗauka mai gadin iyakar duniya da lahira ce.

Wane zamani ya fi dacewa?

An fi rububin iyalan Romanov, gidan sarautar Rasha na ƙarshe. A daren 16 zuwa 17 ga Yuli 1918 aka harbe Sarki Nikolas na Biyu da matarsa da 'ya'yansu biyar da hadimai huɗu a gidan Ipatiev da ke Yekaterinburg. Cikin 'ya'yan, Anastasiya tana da shekara 17, Aleksei 13. Sai 1998 aka binne akasarinsu a Sant Pitasbag, sauran biyun kuma a 2007 aka gano ƙasusuwansu.

A ganina ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad a Yaƙin Duniya na Biyu ta fi nauyi. Kwana 872 aka yi, daga 8 ga Satumba 1941 zuwa 27 ga Janairu 1944. Daga 20 ga Nuwamba 1941 rabon yaro giram 125 ne na burodi a rana. Ƙasa ta daskare, masu haƙa kabari sun galabaita, ana jan gawa a kan abin sulun ƙanƙara na yara, a zuba a ramukan gayya na maƙabartar Piskaryovskoye. Ga tambayar da za ta riƙe littafi sukutum: ina makomar ran da ba wanda ya rage da zai yi masa arba'in?

Me ke yawan ɓata irin wannan littafi?

Kalanda ce ta farko. Rasha ta sauya lissafi a 1918, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu, don haka kwanan watan da ya gabaci wannan a ƙarni na 20 yana bayan namu da kwana 13. Wanda ya gauraya su, lissafin arba'in ɗinsa ya rushe. Sai sunan birni: Sant Pitasbag ya koma Petrograd a 1914, Leningrad a 1924, ya dawo da sunansa a 1991. Haka kiran mutane. Yaro ba ya kiran malamarsa da gundarin sunanta, sai ya haɗa da sunan mahaifinta, kamar Mariya Ibanobna, a gida kuwa Mariya ita ce Masha.

Mafi muni shi ne a ba fatalwa ikon sauya tarihi. Da zarar ruhu ya kautar da harsashi, mai karatu ya daina jin ciwon abin da ya faru da mutanen gaske.

To, a tsirar da Anastasiya ko a'a?

A'a. Gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar duk iyalan sun mutu, ya kuma nuna cewa Anna Anderson, wadda ta daɗe tana cewa ita ce, ba ta da alaƙa da su. A bar yarinyar ta mutu a babin farko, a soma ƙirga mata kwanaki daga 17 ga Yuli, ranar arba'in ta faɗo 25 ga Agusta 1918.