Haƙƙin ɗan ƙasa bayan ya ƙetare iyaka: tambayoyi da amsoshi

Miliyoyin mutane suna zaune a ƙasashen da ba nasu ba, wasu don karatu ko neman abinci, wasu don aure, wasu kuma yaƙi ne ya koro su. Da yawansu suna ɗauka cewa daga ranar da aka buga musu hatimi a fasfo, tsakaninsu da siyasar gida sai saurare. Abin da doka ta tanadar musu ya fi haka yawa.

Shin mutum yana rasa matsayinsa na ɗan ƙasa idan ya koma wata ƙasa da zama?

A mafi yawan ƙasashe zama a waje kaɗai ba ya raba mutum da ƙasarsa. Sashe na 15 na Sanarwar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1948 ya ce kowa yana da haƙƙin zama ɗan wata ƙasa, kuma ba za a ƙwace masa wannan matsayi haka kawai ba. Inda ake samun matsala shi ne lokacin da mutum ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa ta biyu, domin Indiya da Sin ba su yarda da riƙe ƙasa biyu ba, yayin da Jamus ta buɗe wannan ƙofa ga kowa a 2024. Saboda haka ya kamata mutum ya binciki dokar ƙasarsa ta asali tun kafin ya yi rantsuwar mubaya'a ga wata.

Akwai kuma wani haƙƙi da ba a cika sani ba sai ranar da buƙatarsa ta taso. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan ayyukan ƙananan ofisoshin jakadanci, a sashe na 36, ta ce idan aka kama baƙo, wajibi ne hukuma ta shaida masa ba tare da ɓata lokaci ba cewa yana iya neman a sanar da wakilan ƙasarsa, su kuma suna da ikon ziyartarsa da nema masa lauya. Wanda bai san da wannan ba yana iya shafe watanni a tsare danginsa ba su da labari.

Yana iya kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙasarsa daga inda yake?

Wannan ya danganta da ƙasar. Sashe na 25 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa ikon zaɓe da tsayawa takara, amma bai fito fili ya tilasta wa gwamnatoci kai akwati ƙetare ba. Duk da haka, fiye da ƙasashe 100 sun ba 'yan ƙasarsu mazauna waje damar yin zaɓe, ko dai a ofishin jakadanci, ko ta gidan waya, ko ta wakilta wani amintacce. Estoniya ma tun 2005 take karɓar ƙuri'a ta intanet.

Wasu sun wuce nan, sun ware wa mazauna ƙetare kujeru nasu na kansu. Faransa ta ba su 11 a majalisar wakilai tun 2012, Senegal ta ba su 15 daga cikin 165 tun 2017. A ɗaya gefen, ɗan Indiya da ke waje yana iya yin rajista, sai dai sai ya koma mazaɓarsa da ƙafarsa ranar zaɓe, abin da ya fi ƙarfin aljihun yawancin ma'aikata.

Wanda ya bar ƙasa, me zai sa ya zaɓa wa waɗanda suka zauna shugaba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa wanda ba ya kwana a ƙarƙashin dokar ƙasa, ba ya bin layin asibitinta, ba ya biyan harajinta, ba shi ne zai ɗanɗani sakamakon mugun zaɓe ba. Suna kafa hujja da irin abin da ya faru a Moldoba a 2024, inda ƙuri'ar raba-gardama kan shiga Tarayyar Turai ta wuce da ɗan abin da ya haura kashi 50 cikin 100, kuma ƙuri'un mazauna waje ne suka rinjayar da ita.

A ganina wannan hujja ba ta kai ga hana mutum zaɓe ba. Gwamnatin gida ce ke ba shi fasfo, ita ke yanke hukunci kan gonarsa da gādonsa da matsayin 'ya'yansa, kuma sau da yawa gazawarta ce ta fitar da shi tun farko. Idan aka ce duk wanda talauci ko tsoro ya kora ya rasa ƙuri'arsa, to an saka wa mugun shugaba da alheri ke nan, tun da an rage masa masu ƙorafi. Wasu ƙasashe sun gwada bin tsaka-tsaki ta hanyar ƙayyade shekaru, amma suna janyewa: Kotun Ƙolin Kanada ta soke wa'adin shekara 5 a 2019, Birtaniya kuma ta cire nata na shekara 15 daga 2024.

To, ƙasar da yake zaune fa, yana da ta cewa a cikinta?

A zaɓen ƙasa baki ɗaya da wuya, ko da yake New Zilan tana barin masu izinin zama na dindindin su yi zaɓe. A matakin ƙaramar hukuma ƙofar ta fi faɗi. Tun bayan yarjejeniyar Mastirik ta 1992, wadda ta kafa Tarayyar Turai, ɗan kowace ƙasa ta Tarayyar Turai yana iya zaɓe, har ma ya tsaya takara, a ƙaramar hukumar da yake zaune cikin wata ƙasar tarayyar, haka kuma a zaɓen Majalisar Turai. Suwidin tana ba sauran baƙi wannan dama bayan shekara 3. A nan ne mutane kan rikice, su ɗauka 'yancin zirga-zirga daidai yake da na zaɓe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma ba ta ba shi ƙuri'a a can ba.

Idan doka ta riga ta ba da haƙƙi, ina amfanin wayar da kai?

Amfaninsa shi ne yawancin ƙuri'un ƙetare a wajen rajista suke salwanta. Hukumomin zaɓe sukan rufe rajista makonni ko watanni kafin ranar zaɓe, sukan buƙaci fasfo mai rai, ofishin jakadancin kuma yana iya kasancewa tafiyar yini guda daga inda mutum yake aiki. Shi ya sa a ƙasashe da dama waɗanda ke fitowa zaɓe daga waje ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da yawan waɗanda suka cancanta.

Don haka jawabin kishin ƙasa ba ya wadatarwa. Abin da mutum yake buƙata shi ne a gaya masa, cikin harshen da yake ji, ranar da za a rufe rajista, takardun da zai riƙa, wurin da zai je, da kuma ko yin zaɓe zai taɓa izinin zamansa. Wannan na ƙarshe shi ne fargabar 'yan gudun hijira musamman, kuma ya kamata su nemi shawarar lauya kafin su tunkari ofishin jakadancin ƙasar da suka guje wa, domin hakan yana iya jawo tambaya a kan mafakar da aka ba su. Nauyin wannan bayani yana kan hukumar zaɓe da ofisoshin jakadanci, sannan ƙungiyoyin mazauna ƙetare da gidajen rediyo su isar da shi, da sharaɗin kada a bar wa jam'iyyu aikin su kaɗai, tun da kowacce magoya bayanta kawai za ta tuna wa ranar.